Ƙofar Daɓen Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska: Hinji da Tokare Murfi

Ƙofar daɓe kafa ce da ake yankawa a daɓen jirgin ruwa, a sa mata murfi mai hinji. Daɓen shi ne shimfiɗar da ma'aikata ke takawa a sama, shi ne kuma rufin ɗakunan da ke ƙasa. A jiragen shaƙatawa da na tsere masu tafiya da iska, ta wannan kafa haske da iska suke shiga ɗaki, ta nan ake miƙa ƙyallayen kama iska da sauran kaya, ta nan ne kuma mutum yake tsira idan wuta ta tare babbar mashiga da ke ta baya. Murfin sama yake buɗewa, kamar na akwati, don haka dole a sami abin da zai riƙe shi idan an ɗaga. A yawancin jiragen zamani hinjin kansa aka ɗora wa wannan aiki. Da zarar ya gaji, murfi ya daina tsayawa inda aka bar shi, sai masu jirgi su koma ga sanda da igiya da sauran dabaru kafin a samu gyara.

Asali da ƙira

A zamanin jiragen katako kafinta ne yake yin ƙofar. Yakan kewaye kafar da ɗan dakali na katako mai tauri, ya kifa murfi mai leɓe a kai. Babban aibinta yoyo ne. Maurice Griffiths, ɗan Ingila mai zana jirage wanda ya riƙe editan mujallar Yachting Monthly daga 1927 zuwa 1967, ya yaɗa wata ƙira mai dakali biyu, na ciki ya fi na waje tsayi, da ɗan kwalbati a tsakani mai ramukan fitar da ruwa. Har yau da sunansa ake kiran ƙirar. A irin waɗancan ƙofofi aiki a rabe yake: hinji juyawa kawai yake yi, riƙewa kuwa aikin wata sandar tagulla ce mai ramuka ko mai noti.

Gilashin roba da ake kira akirilik ya shiga kasuwa a shekarun 1930, da sunan Plexiglas a Jamus, da sunan Perspex a Ingila. Da jiragen faiba suka yawaita daga shekarun 1960, sai ƙofar masana'anta ta maye gurbin ta kafinta. Tana da firam biyu na alminiyam. Na ƙasa ana ɗaure shi a daɓe da sukurori a kan danƙon hana yoyo; na sama yana riƙe da fallen akirilik mai kaurin milimita 10 ko 12 a yawancin manyan ƙofofi. Tsakaninsu akwai zoben roba da ke matsewa idan an murɗa mariƙan rufewa. Cikin kamfanonin da aka sani da wannan sana'a akwai Lewmar da ke Havant a kudancin Ingila, da Goiot na Faransa, da Bomar na Amurka, da Gebo da Vetus na Holan. Ƙofar Lewmar mai lamba 60, wadda ake yawan samu a goshin jirage matsakaita, tana buƙatar kafa mai milimita 507 a kowane gefe.

Girman ba na son rai ba ne. Ƙa'idar kariya daga gobara a ƙananan jirage, ISO 9094, ta tanadi cewa ƙofar tsira mai siffar da'ira kada faɗinta ya gaza milimita 450. Idan wata siffa ce, gefenta mafi ƙanƙanta kada ya gaza milimita 380, kuma duka filin kafar ya kai murabba'in mita 0.18. Wannan ya shafi zancen tokarewa kai tsaye, domin duk ƙarfen da aka kafa a tsakiyar kafa yana rage hanyar da mutum zai bi ya fita cikin hayaƙi.

Abubuwan da ke riƙe murfi

Wanda ya fi yawa a yau shi ne hinji mai gogayya. A cikinsa akwai washoshi ko zobba na roba mai tauri, an matse su da sukuru, ta yadda murfi zai motsa idan hannu ya tura shi, amma nauyinsa kaɗai ba zai iya motsa shi ba. Wasu kamfanoni suna sa gogayyar a wani ɗan hannu mai gwiwa da ke kusa da hinji. A ƙofofin Lewmar na zamani irin wannan hannu yana riƙe murfi a kowace kusurwa har zuwa kimanin digiri 95, daga nan murfin yana iya kwantawa baya. Akwai kuma hinji mai matakai, kamar na samfurin Rollstop da kamfanin ya yi a shekarun 1980, inda sifirin ke danna wani ɗan ƙullutu cikin gurabe, murfi ya riƙa tsayawa mataki-mataki yana ƙara.

Sauran duk a wajen hinji suke. Akwai sanda mai zugewa, bututu cikin bututu, da notin hannu da ake murɗawa a tsayar da ita a tsawon da ake so. Akwai sifirin miƙaƙƙe da aka naɗe shi dam: idan ya miƙe yana ɗaukar nauyi kamar sanda, idan aka taɓa tsakiyarsa sai ya lanƙwashe murfi ya sauko. Sai kuma matokarin gas, irin wanda ke ɗaga murfin but ɗin mota, bututu ne da aka ɗura wa iskar naitirojin da ɗan mai, ana auna ƙarfinsa da niyuton.

Nauyi, kusurwa da iska

Ba a fahimtar lalacewar hinji, balle a zaɓi matokari, sai an san yadda nauyi ke sauyawa yayin da murfi ke tashi. A ɗauki murfi mai kilo 6 wanda daga hinjinsa zuwa leɓensa santimita 56 ne. Nauyinsa yana taruwa a tsakiya, santimita 28 daga hinji. Lokacin da aka fara ɗaga shi, duk wannan nauyi yana murɗa hinji da cikakken ƙarfinsa. A digiri 45 murɗar ta ragu zuwa kashi 71 cikin ɗari, a digiri 60 ta koma rabi, idan ya miƙe tsaye a digiri 90 ta ƙare gaba ɗaya. Shi ya sa hinjin da ya fara mutuwa yake yaudarar mai shi: yana riƙe murfi idan an wangale shi, amma da an bar shi a ɗan buɗe sai ya sulale. Ɗan buɗewar nan kuwa ita aka fi bukata, musamman da dare ko lokacin yayyafi.

Lissafin ya nuna inda ya kamata a sa matokari. Idan an sa shi a leɓe, nesa da hinji, rabin nauyi kawai yake ɗauka, wato kilo 3, hinji ya ɗauki sauran. Idan aka cusa katako santimita 5 daga hinji, katakon zai ɗauki kusan kilo 34, hinjin kuma ya sha fizga zuwa sama ta kusan kilo 28. Murfin ya zama tamkar ƙarfen ɓanɓare ƙusa ke nan. In wani ya dafa leɓen da hannu, ko ya taka shi cikin duhu, ƙarfin ya ninka sau goma sha ɗaya a kan katakon. Firam da yawa a haka suke lanƙwashewa, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane tsada a cikin dabarun wucin gadi, ga shi kuma shi ne hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, domin ɗan abu ƙarami kusa da hinji yana ba da babbar buɗewa.

Sai iska. Murfin misalinmu yana da fili kimanin murabba'in mita 0.3. Idan yana tsaye yana fuskantar iska mai gudun kilomita 37 a awa, tana tura shi da ƙarfin kusan kilo 2 da rabi. A kilomita 56 ƙarfin ya haura kilo 5, domin matsin iska yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudunta ya ninku biyu. A digiri 60, abin da ya rage yana danna murfin ƙasa daidai yake da kilo 3 a tsakiyarsa, saboda haka iskar kilomita 40 da 'yan kai da ta shigo ta bakin kafa ta isa ta ɗaga shi. Tangaɗin jirgi a kan igiyar ruwa yana ƙarasa aikin. Murfi ya ɗan tashi, sandar da aka jingina ta faɗi, murfi ya dawo da ƙarfi a kan yatsu ko ƙeyar wanda ke fitowa. Wani lokaci kuma iskar ta wuce da shi baya ta maka shi a daɓe.

Gefen da hinji yake shi ke nuna wace iska ce abin tsoro. Jirgin da ya jefa anga yakan juya goshinsa ga iska. Ƙofar da hinjinta ke baya tana buɗe baki gaba, tana kwasar iska sosai, ita ce kuma iska ke ɗagawa. Wadda hinjinta ke gaba tana ba iska baya, iskar na danna ta ƙasa, kuma ta fi aminci a teku domin ruwan da ya hau goshi rufe ta yake yi. Akwai ƙofofi masu hinji a gefe biyu, ana zare ƙusar gefe ɗaya a buɗe ta inda ake so.

Dalilan lalacewa

Na farko cinyewa ce ta yau da gobe. Washoshin roba suna siranta, sukurun matsi yana kwancewa da girgiza, rana tana busar da roba har ta tsattsage. A matokarin gas, zoben da ke tare iskar yana bushewa, gas ya riƙa sulalewa kaɗan-kaɗan. Sanyi ma yana rage masa ƙarfi, kimanin kashi 3 da rabi cikin ɗari a duk saukar digiri 10 na ma'aunin zafi.

Na biyu ya fi muni, shi ne zaman alminiyam da ƙarfe marar tsatsa wuri ɗaya cikin ruwan gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, yana kuma ɗaukar lantarki sosai. Idan ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu a cikinsa, sai su zama kamar batir, ɗaya ya riƙa cinyewa. A nan alminiyam ne ke cinyewa. Yana zama farin gari wanda ya fi ƙarfen asali cika wuri, garin ya toshe ramin ƙusar hinji, hinji ya cije. Mai jirgi ya ji tauri, ya ƙara ƙarfi, sai kunnen hinji ya tsage, ko ribit ya fita, ko firam ya ɗan murɗe ya rabu da danƙon da ke riƙe akirilik. Dama wannan danƙo yana shan wahala, domin akirilik yana buɗewa da zafi kusan ninki uku na alminiyam. Yoyon da ake ɗora wa zoben roba laifi sau da yawa daga hinji mai tauri ya samo asali.

Na uku hannun mutum ne. Wanda ya ji hinji yana ƙara, ya fesa masa mai, ya kashe gogayyar da ita ce dukan aikinsa. Wanda ya wanke akirilik da asiton ko ruwan goge gilashi mai amoniya ya jawo masa ƙananan tsaga. Igiyar da ke jan ƙyallen goshi kuma, idan jirgi ya juya ta tsallaka daga gefe zuwa gefe, tana iya maƙale leɓen murfin da aka bari a buɗe ta fizge shi daga hinjinsa.

Lalacewa iri biyu

Kafin a nemi sanda, sai an tantance wane ciwo ne. Idan murfi yana juyawa lafiya, ba ya girgiɗi gefe da gefe, yana zama daidai a kan zobensa idan an rufe, to riƙo ne kawai ya tafi. Wannan damuwa ce, ba hatsari ba, kuma jirgi zai iya tafiya da ita watanni. Amma idan kunnen hinji ya tsage, ko ƙusarsa ta karye, ko sukurorinsa sun zare daga firam, magana ta sauya. A gefen hinji babu mariƙi. Hinjin ne yake matse wannan gefe a kan zoben roba idan an rufe. Ƙofar da hinjinta ya karye, ko an murɗa mariƙanta, a rabin rufe take. Irin wannan ba a tokare ta a buɗe sai a tashar da ruwa ke kwance, kuma ko a nan sai an ɗaura mata igiyar tsaro don kada ta faɗa ruwa. Kafin a fita teku ana rufe ta, a gitta katako mai ƙarfi ta ciki a ƙarƙashin kafar, a jawo murfin ƙasa da noti ko igiya mai matsi, a liƙe kewayen da tef.

Gwajin mai sauƙi ne. A buɗe murfi rabi, a kama leɓensa a kaɗa shi hagu da dama, ana kallon hinji. A duba ko akwai farin gari a kewayen sukurori, da siririn layi baƙi a jikin alminiyam wanda ke nuna tsaga.

Tokarewa ta wucin gadi

Matokari na ƙwarai yana da sharuɗɗa da aka samo daga lissafin da ya gabata. Ya zauna a leɓe, nesa da hinji. Ya riƙe murfi ta fuska biyu, kada ya sauko, kada kuma iska ta ɗaga shi. Sannan a iya cire shi da hannu ɗaya, cikin duhu, daga cikin ɗaki. Sharaɗin ƙarshe shi ake yawan mantawa, alhali shi ne babba. Hadari a teku ba ya sallama, kuma gadon kwana a ɗakin goshi a ƙarƙashin ƙofar yake.

Mafi tsufa kuma mafi inganci ita ce sanda da igiyar roba. Ana yanke sandar katako mai kaurin babban yatsa, a yi mata 'yar gwafa a sama da za ta rungumi gindin mariƙi ko leɓen firam, a sa mata takalmin roba a ƙasa don kada ta zame ko ta kankare alminiyam. Sai a rataya igiyar roba daga mariƙin zuwa wata ƙugiya a cikin ɗaki, ta riƙa jan murfi ƙasa a kan sandar. Sanda na turawa sama, roba na ja ƙasa, murfi ya tsaya cak ko da jirgi na tangaɗi. Wasu sukan yanka sanduna biyu ko uku masu tsawo daban-daban, gajera ta dare da doguwa ta rana. Ana ɗaura wa sandar siririyar igiya a jikin jirgi domin kada ta ɓace. Guntun bututun roba irin na famfo, idan aka tsaga bakinsa, yana yin aikin sanda kuma ba ya ruɓewa. Abin lura ɗaya: ƙasan sanda a kan ƙarfen firam yake zama, ba a kan zoben roba ba, domin zoben da aka danne wuri ɗaya kwana da kwanaki yakan lotsa ya ƙi komawa, daga nan yoyo ya fara. Samanta ma kada ya tokari tsakiyar akirilik, don tura shi daga ciki ɓanɓare shi ne daga danƙonsa.

Idan ɗan buɗewa ake so, abu mai laushi ya fi. Ƙwallon tanis, ko guntun soso mai tauri irin na koyon iyo, ko robar ruwa da aka rufe bakinta, ana sa su a leɓe a ja murfi a kansu da igiyar roba. Amfaninsu shi ne idan an taka murfin su ne ke lotsewa, ba firam ba. Ƙofofi da yawa ma suna da nasu tanadi: mariƙin yana da gurbi na biyu da ke kulle murfi da 'yar kafa kamar faɗin yatsa. Wannan gurbi bai dogara da gogayyar hinji ba, saboda haka yana aiki ko riƙo ya mutu. Sai dai na shan iska ne a tasha, ba ya hana ruwan teku shiga.

Hanya ta uku ita ce rataya daga sama. Jirgin iska yana da abin da wasu jirage ba su da shi, wato jigo da igiyoyinsa. Ana iya ɗaura siririyar igiya a mariƙin waje, a kai ta ga igiyar ɗaga ƙyalle, ko wayar da ke riƙe jigo ta gaba, ko sandar kwance ta babban ƙyalle idan ƙofar tana ƙarƙashinta. Kyawunta shi ne kafa tana zama fili, babu abin da ya gitta. Aibinta biyu. Igiya ja kawai take yi, ba ta hana iska wucewa da murfi baya, don haka sai an ƙara wata daga ƙasa. Kuma idan ƙullin yana waje, sai mutum ya fita cikin ruwan sama kafin ya rufe ƙofa. Maganin wannan shi ne a bi da igiyar ta cikin zobe a sama, a dawo da bakinta cikin ɗaki, a ɗaure da zarge mai kwancewa da fizga ɗaya. Ba a taɓa jan irin wannan igiya da injin naɗe igiya na jirgi. Ƙarfinsa ya isa ya tumɓuke murfin.

Inda ƙofa ke iya kwantawa baya gaba ɗaya, wasu sukan kwantar da ita a kan matashi, su ɗaure, su kafa mazurarin ƙyalle a kan kafar ya riƙa tura iska ciki. A wuraren zafi irin tsibiran Karibiyan wannan yana sanyaya ɗaki fiye da kowace kusurwar murfi. Amma kafa mai rabin mita a buɗe a daɓe rami ce, kuma murfin da yake tsaye aƙalla yana gargaɗin mai tafiya. Wanda aka kwantar ba ya gargaɗin kowa. Jirgin da ke da yara ko baƙi bai dace da wannan hanya da dare ba.

Duk waɗannan dabaru na jirgin da ke tsaye ne. Jirgin da ke tafiya, ƙofar goshinsa a rufe take a murɗe, ko hinjinta lafiya lau yake. Iskar ɗaki a lokacin tafiya aikin wasu mashaƙa ne da aka yi domin haka, kamar akwatin Dorade mai barin iska ta wuce ya tare ruwa, wanda ya samo sunansa daga jirgin da Olin Stephens ya zana, wanda ya ci tseren ƙetare Atlantika a 1931.

Gyara

Sau da yawa gyaran bai wuce ƙara matsi ba. Ana wanke hinji da ruwan daɗi mai ɗumi a fitar da gishiri, a bar shi ya bushe, sannan a murɗa sukurun matsi kaɗan-kaɗan, kwatan zagaye a kowane karo, hagu da dama daidai wa daida, ana gwadawa a ƙaramar kusurwa inda nauyi ya fi yawa. A tsaya da zarar murfi ya riƙe kansa. Wuce nan gyaran gangar Auzinawa ne, domin duk ƙarin tauri firam da danƙo ne za su biya shi. Idan mai ya riga ya shiga, sai an kwance an wanke washoshin da sabulu.

Idan matsi bai yi ba, ana sauya kayan ciki. Manyan kamfanoni suna sayar da ƙunshin gyaran hinji na samfura da yawa, sai dai dole a san samfurin da zamaninsa, don ƙofofi masu kama da juna daga kamfani ɗaya suna iya bambanta a ciki. Wahalar aikin tana wajen kwance sukurun da ya shekara ashirin cikin alminiyam. Ana jiƙa shi da man kwance tsatsa na kwanaki, ana ɗan bubbuga shi; wuta ba ta da wuri a nan saboda akirilik da roba. Wanda ya karye a ciki sai a huda shi a sa sabon zare. Wajen mayarwa ana shafa wa kowane sukuru man raba ƙarfe, irin Tef-Gel ko Duralac, domin kada cinyewar ta dawo.

Tsohuwar ƙofar da kayanta suka ƙare a kasuwa ana sassauta hinjinta ya koma mai juyawa kawai, a kafa mata matokari na waje, wato a koma tsarin kafintocin da. Sanda mai zugewa ita ta fi dacewa da yawancin ƙofofi, domin tana riƙewa sama da ƙasa a kowace kusurwa, kuma ana kafa ta a gefe ba tare da ta tare hanya ba. Sifirin miƙaƙƙe yana da arha da saurin rufewa, amma kusurwa ɗaya gare shi, kuma gwiwar hannu ko igiya ta taɓa shi sai murfi ya faɗo. Matokarin gas yana da daɗin aiki, sai dai yana bukatar lissafi. A murfin misalinmu, idan tazarar layin turawarsa daga hinji santimita 5 ce, sai ya kai niyuton 330 kafin ya ɗaga murfin daga kwance, kuma wannan ƙarfi yana nan yana tura firam dare da rana ko ƙofa na rufe. Firam ɗin da ba a ƙera shi domin haka ba yana iya buɗe baki a gefen hinji. Ana kafa shi sandarsa na kallon ƙasa don mai ya riƙa jiƙa zoben, a zaɓi na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316, kuma ba a huda tsohonsa ko a jefa shi wuta.

Ƙa'idoji

Ƙarfi da hana ruwa na tagogi da ƙofofin ƙananan jirage, masu tsawo har mita 24, suna ƙarƙashin ISO 12216, wadda ta fito a 2002 aka sabunta ta a 2020. Ta raba jikin jirgi yanki-yanki gwargwadon yadda ruwa ke dukan kowane wuri. Dokar Tarayyar Turai ta jiragen shaƙatawa, 2013/53/EU, ta kasa jirage aji huɗu, daga A na tekun da igiyar ruwansa ke haura mita 4 zuwa D na ruwa mai kwanciya. Ƙofar da aka huda wa firam aka ƙara mata ƙarfe ba lallai ta ci gaba da cika sharaɗin da aka gwada ta a kai ba, don haka ramukan da za a yi su zama kaɗan, nesa da kusurwoyi, a cike su da danƙo.

Dokokin tseren teku na hukumar World Sailing sun fi tsauri, kuma wani ɓangare nasu daga asarar rayuka aka koyo shi. A tseren Fastnet na Agustan 1979, jirage 303 suka tashi daga Cowes a kudancin Ingila, guguwa ta same su tsakanin Ingila da Ailan. 'Yan tsere 15 suka mutu, aka bar jirage 24 a teku, 5 daga ciki suka nutse. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa allunan da ke toshe babbar mashiga sun riƙa zubewa idan jirgi ya kife, ruwa ya shiga ta nan. Dokokin yanzu suna bukatar ƙofar daɓe ta kasance a haɗe da jirgi dindindin, ta kasance sama da ruwa idan jirgi ya kwanta digiri 90, a iya rufe ta gam nan take, ta kuma zauna a rufe ko jirgi ya kife digiri 180. Ƙofar da ke gaban wuri mafi faɗi na jirgi ba a yarda ta buɗe zuwa ciki ba, sai ƙarama wadda ba ta kai murabba'in mita 0.071 ba. Matokarin da sai an nemo sifana kafin a cire shi ya saɓa wa sharaɗin rufewa nan take, haka ma murfin da aka zare ƙusar hinjinsa aka bar shi a kan igiya ya saɓa wa sharaɗin haɗuwa da jirgi.